Maƙerin Da Na Gayyato Allon Ajina

Sallama gare ku masu bibiyar labarina, da wanda yau ne ya fara leƙowa.

Ina rubuta wannan kashi ne da la'asar ɗin Asabar, a ɗakina da ke unguwar Al Asmakh a Doha, ko kaftanin da na je aji da shi ban cire ba. Shayin madarar nan, karak, da na sayo a ƙasan bene ya huce a kan tebur ban kurɓa ba. Sau uku ina zama ina miƙewa. Wanda ya san ni ya san ba ni da rawar kai, domin tun a jami'a abokaina suke cewa fuskata ta fi dacewa da zaman makoki. Amma ɗazu na kama kaina ina yi wa madubin banɗaki murmushi ina rera waƙa, har maƙwabcina ɗan Sudan ya ƙwanƙwasa bango ya tambaya ko lafiya nake waƙa. Ku yi haƙuri da ni, zan bi abin daki-daki, kada zumuɗi ya sa in fara muku daga ƙarshe.

Sunana Aminullahi. Shekara uku ke nan ina koyar da Fiziks a wata makarantar kuɗi a nan Doha. Ranar Asabar kuwa, wadda hutu ce a nan, ina da wani aji na daban a wani ɗan zaure da iyaye suka kama a Al Muntazah, saman wani gidan abinci. Yara ashirin da uku ne, 'ya'yan mutanenmu, mafi yawansu a nan aka haife su. Larabci da Turanci sun zauna a bakinsu, Hausa kuwa sai dai gaisuwa da sunan abinci. Dabarar da muka ɓullo da ita ita ce mu koya musu kimiyya da Hausa, ta hanyar abin da suka riga suka saba da shi: allon taɓawa a bango, kwamfutar hannu a gaban kowa, da duk abin da muka iya tsintowa a intanet.

Na ce "muka" saboda ba ni kaɗai ba ne. Akwai Ikhlas. Ita ta karanci kwamfuta, ita ke tsara wasannin tambayoyi da nake bai wa yara, ita ce kuma dalilin da ya sa nake guge kaftani tun ranar Alhamis. Mahaifinta, Injiniya Nasidi, shi ne shugaban kwamitin iyaye, ya shekara ashirin da biyu yana aikin bututun gas a ƙasar nan.

Mako shida da suka wuce na yi ta maza na je gidansu a Al Mirqab bayan sallar Juma'a. Hawa na tara, falo mai shimfiɗar kafet ruwan ƙasa, turaren wuta ya kama labule. Mahaifiyarta, Hajiya Ummukulthum, ta sa aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe gefe guda, shinkafar Larabawa mai kaza gefe guda. Loma uku na iya yi. Da aka kwashe kwanuka na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, na faɗi abin da ya kawo ni: ina neman izini in turo magabatana.

Injiniya ya zare tabarau ya goge da bakin jallabiyarsa.

"Mutumin ina ne kai?"

"Gumel, Abba."

"Mahaifinka yana raye?"

"Yana raye."

"Me yake yi?"

"Harkar ƙarafa yake yi."

"Madalla. Ashe abokin sana'ata ne." Ya mayar da tabarau. "Ina jin labarin ajin nan naku. An ce tun safe yara suna latse-latse kamar masu wasan kati. Ni da alli aka koyar da ni, a ƙarƙashin bishiya ma wani lokacin. Zan sa rana in zo in gan ka a bakin aikinka. Bayan nan sai in ba ka amsa."

A cikin lif na dinga gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. Amma na san hoton da na zana masa: shago a Kano, rodi a jibge, tirela tana sauke kaya. Gaskiyar magana, masu karatu, mahaifina maƙeri ne. Kakana maƙeri ne. Ni kaina tun ina shekara shida nake zama a bakin zugazugi kafin in tafi makaranta. A wuyan hannuna na hagu akwai tabon ƙuna mai faɗin kwabo, wanda nake rufewa da agogo mai faffaɗan maɗauri, in an gani kuma in ce dutsen guga ne.

Kada ku yi saurin yanke mini hukunci, ko da yake na cancanta. A shekarata ta ƙarshe a Zariya na taɓa neman wata yarinya, magana ta yi nisa, sai gwaggonta ta aiko da saƙo mai kalma shida: ba ma haɗa iri da maƙera. Tun daga ranar na koyi wannan jimla ta harkar ƙarafa, na yi ta maimaita ta har ta zame mini kamar sunana.

Mako uku da suka wuce, ina ɗakin malamai lokacin hutun tara, saƙon Ikhlas ya shigo.

"Malam, Abba ya sa rana. Asabar ta uku. Darasin zafi ne zai faɗo a ranar."

"Allah ya kai mu. Akwai bidiyon masana'anta guda biyu da na ajiye."

"Na kalle su. Duk Turawa ne cikin hular kwano. Yaran nan ba su taɓa ganin maƙera ba. Tunda Baba yana harkar ƙarafa, ba zai rasa sanin wani maƙeri ba. A haɗa mu da shi kai tsaye, yara su ga wuta, su yi masa tambaya."

Na zuba wa wayar ido har ta yi duhu. Na sake kunna ta. Na rubuta, na goge, na rubuta.

"Na san wani dattijo."

"Yalla, ka shirya mana shi."

Za ku ce me ya hana ni nemo wani maƙerin, tunda unguwarmu guda sunanta Maƙera. Na yi wa kaina wannan tambaya a cikin jirgin ƙasa har na wuce tashata. Amsar farko ita ce babu wanda ya kai Baba, kuma malamin da ke cikina ba zai yarda a kawo wa ɗalibansa na biyu ba alhali ga na ɗaya. Amsa ta biyu ita ce wadda nake jin nauyin rubutawa. Ni ɗan fari ne. Baba mutumin da ne, mai alkunya irin wadda ta fara ɓacewa. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" yake cewa, ko "na Ɗantala", wato ƙaninsa, wanda a al'ada shi ne ubana a gaban mutane. Ranar da na karɓi digiri, can nesa ya tsaya gindin wata bishiya kamar wanda ya rako wani. Na lissafa cewa ko duniya za ta taru, Baba ba zai buɗe baki ya ce ni ɗansa ne ba. Kunyar da yake yi saboda ƙaunata, ita na ɗauka na yi labule da ita.

Saura Baffa Ɗantala, wanda bakinsa ba ya da marfi. Na kira shi.

"Baffa, wata alfarma nake nema. Ranar darasin, kada a ambaci cewa gidanmu ne."



"To, Bature. Mu ce ba mu taɓa ganinka ba ke nan?"

"Ba haka ba ne, Baffa. Ƙa'idar aiki ce."

"Ƙa'idar aiki. To, zan gaya wa Yaya."

Washegari na sake kira na tambayi abin da Baba ya ce.

"Cewa ya yi a tambayi yaron ƙarfe nawa yake so a hura wuta."

Ban ci abincin rana ba ranar.

Amma ba zan ɓoye muku ba, shirin darasin ya tafi da ni, har nakan manta da abin da ke ƙarƙashinsa. Ikhlas ta samo wata manhaja a intanet mai nuna sandar ƙarfe: yaro ya ja yatsa, zafi ya ƙaru, launin sandar ya sauya daga baƙi zuwa ja zuwa fari, lambar digiri tana hawa a gefe. Muka fassara dukkan rubutun cikinta zuwa Hausa. Ta haɗa wasan ƙuri'a wanda kowane yaro zai aika da amsarsa ta fito a allo nan take. Sai akwatin tambaya, wanda ni na ƙirƙiro shi tun bara saboda yaran da ke jin kunyar gurguwar Hausarsu: kowa ya rubuta abin da yake so ba tare da suna ba, ni kuma in karanta da ƙarfi. Dokar ajin ita ce ba a tsallake tambaya ko ɗaya.

Sau uku muka gwada haɗuwa da Gumel, ni da Baffa kaɗai. Karo na farko hancinsa kawai na gani. Karo na biyu sabis ya ɗauke, sai da ya gano cewa daga kusurwar gabas ta rumfar ne yake kamawa. Karo na uku na ga hoton ya tsaya cak, ba rawa.

"Baffa, a kan me ka ɗora wayar?"

Ya juya kamarar ya nuna mini ta jikin madubin babur ɗinsa. Wata ƙafa ce ta ƙarfe mai rassa uku, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, a samanta an lanƙwasa baki daidai kaurin wayar, har an naɗe shi da fata don kada ya karce gilashi.

"Yaya ya ƙera jiya. Ya ce kada hoton mutane ya dinga karkarwa a ƙasar mutane."

Yau da safe ƙarfe tara na isa zaure, cikin shadda ruwan toka da hula zanna bukar. Ikhlas ta riga ni, tana jera kwamfutocin hannu a kan tebura, cikin abaya ruwan zuma da mayafi mai duhu.

"Malam, ka karya kuwa? Fuskarka kamar wanda za a yi wa allura."

"Na karya, Malama."

"Ƙarya dai. Ga dabino nan a jakata."

Kafin goma zaure ya cika. Iyaye suka jeru a baya: likita kusa da direba, malamin jami'a kusa da masu gadi biyu da suka taso daga aiki ko yunifom ba su cire ba. Muka manna alamar nan mai murabba'i a bango, muka ce duk uban da yake so ya haska da wayarsa ya shiga wasan. Injiniya Nasidi ya zauna a kujerar tsakiya, ƙaramin littafi a cinya, biro a hannu, fuska ba yabo ba fallasa.

Ƙarfe goma daidai a nan, takwas a gida, na taɓa allo.

Masu karatu, ban shirya wa abin da na gani ba. Na saba ganin Baba a cikin tafin hannuna. Yau sai ga shi ya cika bango, zaune a kan buzunsa, uwar maƙera da yake dukan ƙarfe a kanta a gabansa, gawayi yana ja a gefe. Tsohuwar rigar aikinsa ce mai hujin tartsatsi, amma hular kansa sabuwa ce, wadda na aika masa da Sallah. Ƙarar zugazugi ta fito ta lasifika ta cika zauren, fuf, fuf, fuf, Baffa ne a kai. Na rantse har warin gawayi na ji a cikin sanyin na'ura.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na zo duniya. Ina tsaye ƙiƙam, hannu a aljihu, na dubi mahaifina na kira sunansa.

"Malam Sunusi, barka da asuba. Mun gode da ka karɓi gayyatarmu."

Bai ɗago ba. "Barka kadai, Malam."

Yara suka haɗa baki kamar yadda muka koya musu: "Ina kwana, Baba."

Nan fa fuskarsa ta washe. "Lafiya lau, jikoki. Ya baƙunta? Ana ba ku tuwo kuwa a can, ko sai burodi?"

Dariya ta ɓarke har a layin iyaye.

Daga nan darasi ya kama wuta, ni ma na kama. Baba ya sa awartaki ya zaro ƙarfe ya ɗaga wa kamara. Yara suka duƙufa suna jan yatsa har launin sandar manhaja ya yi daidai da na allo, kowa ya aika da lambarsa. Ikhlas ta taɓa, sakamako ya fito: mafi yawa sun ce digiri ɗari bakwai.

"Baba, sun ce ɗari bakwai," in ji Ikhlas. "Ya yi a buga?"

"Ni ban san ɗari bakwai ba, 'yata. Wannan jan goro ne. In ka buge shi yanzu, kafaɗarka kawai za ka wahalar."

Ya mayar, Baffa ya zuga. Ya sake zarowa, ya koma ruwan ɗorawa. Wata yarinya mai suna Habibatu, wadda wata shida ban ji ta haɗa jimlar Hausa ba, ta miƙe tsaye tana tsalle.

"Dubu ɗaya da ɗari ɗaya, Malam. Ya nuna, ya nuna."

"Yarinyar nan ta fi Ɗantala kai," in ji Baba. "Yanzu ƙarfen yake jin magana."

Ya ɗora a kan uwar maƙera ya sauke masaɓa. Tartsatsi ya watsu a bangon Al Muntazah, yaran layin gaba suka kauce da kawunansu. A kan idonmu sandar ta baje, ta lanƙwashe, ta zama lauje. Ina zagaya tebura ina bayanin yadda zafi ke sassauta ƙarfe, kalmomi suna zuwar mini da kansu, yara suna rige-rigen amsawa. Ban taɓa koyarwa kamar yau ba. Na saci kallon Injiniya, na ga ya rufe littafinsa ya matso bakin kujera. Can sai ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malam Sunusi, in ka tsoma shi a ruwa ya yi tauri, yaya kake yi kada ya karye a gona?"

"Sai in goge bakin, in ɗan mayar da shi kusa da wuta, in zuba ido. Launi zai taho yana tafiya a jikinsa. In ya kai kalar wuyan tantabara, sai in janye. In ka bari ya wuce, ka yi asarar yini."

Injiniya ya juya ga likitan da ke gefensa. "Ka ji? Wajen digiri ɗari uku ke nan. Mu sai mun sa na'ura muke gane wannan."

Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, khalas, an gama, na tsallake.

Saura minti goma na buɗe akwatin tambaya. Ta farko ta fito a allo: wuta ba ta cizon ka? Baba ya naɗe hannun riga ya nuna musu tabbai, manya da ƙanana. Ta biyu: akwai AC a wajen ka? Baffa ya leƙo da kansa cikin hoton ya ce akwai, sunanta iska, in ta ga dama. Sai ta uku ta hau allo, harafi manya-manya.

"Baba, wa zai gaje ka? Ba ka da ɗa ne?"

Kallo ɗaya na yi mata na san ba yaro ya rubuta ba. Hausa ce tsaf, har da lanƙwasar harafi. Maɓallin gogewa yana ƙarƙashin yatsana. Amma mutum hamsin sun riga sun gani, kuma ni na kafa dokar. Na karanta da muryar da ban gane ta ba.

Zugazugi ya tsaya.

Baba ya ɗauki awartaki ya shiga gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Ya daɗe.

"Akwai wani yaro na Ɗantala," ya ce. "Ya yi karatu. Yana wata ƙasa yana aikinsa, ana yabonsa." Ya juya wani gawayi. "Ba shi da laifi. Hayaƙi ne ba ya so tun yana ƙarami."

Ba gaskiya ba ne. Sai an kore ni daga bakin wutar nan nake tafiya makaranta. Mutumin da ban taɓa ji ya yi ƙarya ba, yau ya yi ta a gaban yara ashirin da uku, domin ya gyara labulen da na rataya. Kuma ya yi nasara. Da na ce mu tafa wa baƙonmu, da an tafa an watse.

Ban san lokacin da na kwance agogon ba. Na ajiye shi a kan teburin Ikhlas, na taka zuwa gaban allo, na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa kamar yadda nake yi a ƙofar rumfar nan kowace safiya ta ƙuruciyata.

"Baba, ina kwana."

Na juyo ga yara ina durƙushe, na ɗaga hannuna na hagu.

"Kun ga irin tabon da Baba ya nuna muku? Ga nawa. A wancan zugazugin na same shi ina shekara takwas. Ni ne yaron da yake faɗa. Mahaifina ne. Duk abin da na koya muku a kan zafi, a wurinsa na fara gani kafin in gan shi a littafi. Ɗazu na kira sunansa ina tsaye. Kada wanda ya kwaikwayi wannan a cikinku."

Na mayar da ido ga allo. Baba yana kallon gefe, wajen da babu kowa.

"Ɗantala," ya ce, "gaya wa yaron nan hularsa ta karkace. A gaban mutane yake." Ya ɗan yi tari. "Zuga mana, wuta tana mutuwa."

Fuf, fuf, fuf. Baffa yana zuga yana share ido da kafaɗa.

Wani daga cikin masu gadin nan ne ya fara cewa masha Allah, sauran suka ɗauka. Iyaye mata suka fita da yara shan lemo. Ikhlas ta bi tebura tana tattara kwamfutoci, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba, ta fice. Na miƙa hannu zan kashe allo, sai na ji murya a bayana.

"Bar shi."

Injiniya Nasidi ne. Ya zo gaban allo, ya ɗan rusuna.

"Malam Sunusi, sunana Nasidi. Wata guda ke nan da na aika Gumel aka yi mini bincike. Wanda na aika ya ce ya zaga kasuwa, bai samu manomi ɗaya da ya taɓa dawo maka da lauje ba."

"Rufin asirin Allah ne, Alhaji."

"Yaron nan ya zo mini da magana a kan 'yata, na ce ya jira. To, yau zan ba da amsa, amma ba shi zan bai wa ba. Ku turo."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ai ni ba ni da ta cewa, Alhaji. Ga ubansa nan."

Baffa ya saki zugazugi ya taso da sauri har ya ture ƙafar wayar. Muka ga rufin rumfa, muka ga sama, muka ji muryarsa tana cewa mun karɓa, mun gode, Allah ya sa albarka, a sa mana rana ko gobe ne. Sai sabis ya ɗauke.

Injiniya ya juyo gare ni, ya zare tabarau.

"Da ka bari ya rufa maka asiri har aka tashi, da na gaishe shi da girmamawa na tafi, kai kuma ba za ka sake hawa benena ba. Ba don sana'arsa ba."

"Na gane, Abba. A gafarce ni."

"Ba ni za ka roƙa ba." Ya dubi allon da ya yi duhu. "Wannan abin naku kuwa, a bar shi. Zan gaya wa kwamiti. Alli ba zai kawo mini Gumel cikin Doha ba."

Na raka shi har bakin matakala. Na ce, "Abba, tambayar nan da ka rubuta, ban san yadda zan gode ba."

Ya tsaya. "Wace tambaya? Ni wayata tana mota tun safe."

Tun daga Al Muntazah har gida nake juya wannan magana. Na kira Baffa, ya ce Yaya ya rufe maƙera tun hantsi, abin da bai taɓa yi ba sai ranar Sallah, ya tafi gidan Liman da sabuwar hularsa. Na ce a ba shi waya in nemi gafara. Baffa ya ce in bari sai gobe, yau Baba ba zai iya jin muryata ba tare da ya ji kunya ba.

Ina cikin rubuta muku sakin layin da ya gabata wayata ta yi haske. Ikhlas ce. Zan kwafe muku saƙon yadda yake.

"Ni na rubuta. Umma ta gaya mini abin da aka gano a Gumel kwana ɗaya kafin in kawo maka shawarar darasin. Mako uku ina jira ka faɗa mini da bakinka. Abba ya ba da amsarsa, tawa ba ka ji ba tukuna. Ina da tambaya ta biyu, ita kuma ba ta allo ba ce. Gobe bayan la'asar, falon Umma. Ka zo ba agogo."

Na duba wuyan hannuna. Sai yanzu na tuna a kan teburinta na bar shi.